Shekara Nawa Ya Kamata Yaro Ya Kai Kafin Mu Kai Shi Yankari?



Waɗanda suka halarci taron ƙungiya na watan jiya sun san an tashi ba kowa ne ya ji daɗi ba. Maganar da muka zaci minti goma za ta ɗauka, sai da ta kai mu daga La'asar har aka kira Magariba. Maganar kuwa ita ce tafiyar da za mu yi da yara zuwa Yankari a hutun watan Disamba, da shekarun yaron da za a yarda a rubuta sunansa. A littafin taro layi uku kawai muka rubuta: an tattauna, an ƙada ƙuri'a, an amince. To amma layi uku ba sa ɗaukar dalili. Tun daga ranar, mutum huɗu suka tare mu, wani a ƙofar masallaci, wani a kasuwar Wunti, kowa da tambayarsa guda: "Malam Sakatare, me yaranmu ƙanana suka yi aka cire su?" Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu yi bayani dalla-dalla, har da abin da ba mu faɗa a wurin taro ba.

Bari mu fara da laifinmu, domin daga gidanmu wannan magana ta samo asali.

Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da rana a Bauchi ba ta raga wa kowa. Washegarin Sallah muka kwashi yaranmu uku muka nufi wani wurin wasan yara a nan cikin gari. Babban yana da shekara goma sha ɗaya, mai bi masa takwas, sai autarmu mai shekara uku da rabi. Mahaifiyarsu ta ce a bar autar a gida. Muka ƙi. An ɗinka mata sabon kaya, an yi mata lalle, ta tara goron Sallah a 'yar jakarta, kuma gaskiyar magana muna so mu ɗauke ta hoto a kan dokin nan mai juyawa mu aika wa dangi.

Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan wuri ranar Sallah ya san yadda yake. Ba masaka tsinke. Lasifika na ta ƙara, janareta na ta nasa, ga layin lilo, ga layin motocin karo, ga layin katifar tsalle. Yara sun fi ɗari, rabinsu kuma kayansu iri ɗaya ne, tunda atamfa da shadda ɗaya aka yi yayi. Muka tsaya sayen tikiti, muka saki hannun yarinyar don mu ƙirga canji. Ba mu yi minti ɗaya ba. Muna juyowa babu ita.

Jama'a, ba mu yi wa kowa fatan irin wannan rabin sa'a. Mun zagaya wurin nan ya fi sau biyar. Muna kiran sunanta, muryarmu na ɓacewa cikin kiɗa. Duk yarinyar da muka hango da jan ɗankwali sai mu ruga, mu tarar ba ita ba ce. Yayanta mai shekara takwas ya fara kuka. Wayarmu na ta ƙara a aljihu, mahaifiyarsu ce ke kira, muka kasa ɗauka saboda ba mu san abin da za mu ce mata ba.

A ƙarshe can wajen ƙofa wata dattijuwa mai sayar da zoɓo ta ɗago mana hannu. Ga yarinya a cinyarta, ta yi kuka har ta gaji ta yi barci. Matar ta dube mu ta ce, "Alhaji, 'yarka ce? Na tambaye ta sunan babanta, ta ce Baba. Na tambaye ta unguwarsu, ta ce gidanmu. To ina zan kai ta?" Muka yi godiya, muka miƙa mata abin da ke hannunmu, ta ƙi karɓa. Ta ce, "Ka dai riƙe hannunta, ɗana. Wannan ba ta kai yawon Sallah ba tukuna."

Ba laifin masu wurin ba ne, ba kuma laifin yarinya ba. Mu ne muka kai ta inda ba ta kai zuwa ba. Abin da ya ƙara tsaya mana a rai shi ne, bayan wata biyar muka nuna mata hoton da muka ɗauke ta a kan dokin kafin abin ya faru. Ta kalla ta ce, "Baba, wannan ina ne?" Ba ta tuna dokin ba, ba ta tuna lilon ba. Yayanta kuwa har yau yana iya lissafa maka kowane wasa da ya hau, da launin motar da ya tuƙa. Kuɗin shiga iri ɗaya muka biya musu, ɗaya ya dawo da labarin da zai riƙe har girmansa, ɗaya ta dawo da zazzaɓin kwana biyu.

Da wannan a zuciyarmu muka shiga taron watan jiya.

Wanda ya fara magana wani ɗan uwanmu ne, matashin magidanci mai ɗa ɗaya ɗan shekara uku. Ya ce, "Ranka ya daɗe Shugaba, kuɗin wata iri ɗaya muke biya. Me zai sa wani ya kawo yara huɗu, ni ɗaya tilo da nake da shi a ce ya zauna a gida?" Maganarsa tana kan hanya, babu wanda ya musa masa. Sai wata 'yar uwarmu da mijinta ya rasu bara ta ce babban ɗanta mai shekara tara ya daɗe yana roƙon ya ga giwa, amma tana da tagwaye masu shekara huɗu, ba ta da inda za ta bar su. In an hana ƙanana, to an hana ta raka babban ke nan. Ma'aji ya kawo tasa: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin hayar bas ya ninka, kujeru kuma ƙididdigaggu ne, kowace kujera da aka ba jariri an hana wani yaro ne. Wani dattijonmu kuma ya ce, "Ku 'ya'yana, ba a banza aka ce a fara umartar yaro da salla yana ɗan shekara bakwai ba. A nan ne hankali ke fara zama." Wata malamar firamare da ke cikinmu ta ƙara da cewa kowa ya gwada tuna abu mafi daɗewa da ya sani a rayuwarsa. Aka yi shiru. Yawancinmu daga shekara huɗu ko biyar muka fara tunawa, shi ma gutsure-gutsure. Ta ce masana halayyar yara sun daɗe da tabbatar da haka: abin da ya faru da mutum kafin ya kai shekara uku zuwa huɗu ba kasafai yake zama a ƙwaƙwalwarsa ba.

Kowa da gaskiyarsa. Abin da ya raba gardamar shi ne da muka daina tambayar shekarar yaro, muka koma tambayar wurin da kansa: me Yankari take buƙata daga wanda zai je ta?

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, Yankari ba filin wasa ba ne mai katanga da ƙofa ɗaya. Daji ne mai faɗin sama da murabba'in kilomita 2,200 a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka dawo wa jihar Bauchi da shi a 2006. Daga cikin gari zuwa sansanin Wikki ya haura kilomita 100. Za a bi hanyar Gombe, a karya a Dindima, a isa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai sauran tafiyar kusan kilomita 40 a cikin daji kafin a kai masauki. Wato yaro zai zauna a bas wajen awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, kuma a cikin dajin ba a tsayawa ko'ina don wani ya ce fitsari yake ji.

In an isa, abu na farko da zai tari mutum gwaggon biri ne. Sun saba da mutane, ba sa tsoro, kuma sun san leda. Yaron da ke riƙe da biskit ko ayaba a hannu, su a wurinsu kasuwa ce ta buɗe. Babban yaro in aka ce masa "ɓoye abincinka, kada ka gudu, kada ka jefe su," zai ji. Ɗan shekara uku kuwa ko dai ya miƙa hannu zai shafa, ko ya ƙwalla ƙara ya ruga. Ga gadu nan ma suna yawo tsakanin ɗakuna.

Sai ruwan Wikki, wanda shi ne abin da yara suka fi ɗoki. Ruwa ne garai-garai mai ɗumi, yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa kusan digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Kyansa ne haɗarinsa. Saboda ana hango yashin ƙasa tar, sai yaro ya zaci ba zurfi, alhali akwai wurin da zai shanye babban mutum har wuya. Ƙaramin yaro kuma in ya nutse ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa yadda ake nunawa a fim. Shiru kawai za a ji.

Na uku shi ne zagayen kallon namun daji a mota. Lokacin rani ne aka fi ganinsu, sa'ad da ciyawa ta bushe suka gangaro kogin Gaji shan ruwa. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, dorina, kada, da tsuntsaye iri-iri. Amma ba gidan zu ba ne da za ka tarar da dabba a keji tana jiranka. Ana iya yin awa guda ba a ga komai ba sai bishiya, kuma ana son a yi shiru. Wanda ya san darajar jira shi ke cin moriyar wannan zagaye. Kukan yaro ɗaya ya isa ya kori abin da mutum ashirin suka biya kuɗi su gani.

Wani ɗan uwanmu da ke aiki a Abuja ya ba mu misali mai amfani. Ya ce a manyan wuraren wasa irin su Magicland na Abuja, har zuwa Disneyland ta Amurka da aka buɗe tun 1955, akwai wasannin da ba a tambayar shekarar yaro, tsawonsa ake aunawa. In bai kai alamar ba, ko ɗan wane ne ba zai hau ba, domin bel ɗin kujerar ba zai riƙe shi ba. Ba ƙiyayya ba ce, awo ne. Sai muka ce to mu ma mu nemi namu awon, wanda ya dace da dajin da za mu shiga. Muka fitar da tambayoyi biyar:

Na ɗaya, in baƙo ya tambayi yaron, zai iya faɗin cikakken sunansa, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu?

Na biyu, in wani babba wanda ba iyayensa ba ya ce masa "tsaya nan," zai tsaya?

Na uku, yana iya faɗa da bakinsa cewa ƙishirwa yake ji, ko kansa na ciwo, ko yana son zagayawa, kafin abin ya ƙwace masa?

Na huɗu, zai iya wuni ba tare da barcin rana ba, ba kuma tare da an goya shi ba?

Na biyar, shi da kansa ne yake son zuwa, ya san abin da za a je gani, ko mu iyaye ne muke son a gan shi a can?

Tambaya ta biyar ita ta fi yi mana ciwo, domin ita ce muka faɗi a kanta ranar Sallah.

Da muka auna yaran da muka sani da waɗannan tambayoyi, sai muka ga yawancin waɗanda ke amsa su duka 'yan shekara shida zuwa bakwai ne, wato waɗanda suka riga suka shiga firamare, suka saba da layi da jin maganar malami. Maganar dattijonmu da ta malamar makaranta suka haɗu a wuri ɗaya. Ga abin da aka amince da shi:

Yaro ɗan shekara bakwai zuwa sama zai tafi a ƙarƙashin kulawar ƙungiya, babba ɗaya a kan yara biyar. Ɗan shekara biyar da shida zai iya zuwa idan ya amsa tambayoyin nan, kuma mahaifi ko mahaifiya ko yayansa baligi na tare da shi, ba ya kula da kowa sai shi. Wanda bai kai biyar ba, bana sai haƙuri. Kowane yaro za a sa masa kati a aljihu mai ɗauke da sunansa da lambar waya biyu. Babu mai shiga ruwa sai a gefen da bai wuce ƙugunsa ba, kuma sai manya sun tsaya a cikin ruwan, ba a bakinsa suna danna waya ba.

Mako biyu kafin tafiya za mu yi fitar gwaji zuwa kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan cikin gari. Yara za su ga makwancin Firayim Ministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a watan Janairun 1966, su ji tarihinsa. Mu kuma za mu ga wa ke bin layi, wa ke sulalewa, tun muna inda in an ɓace za a iya samun juna.

Ƙananan ma ba a manta da su ba. Ranar Asabar ta farko bayan an dawo, za mu yi musu nasu wasan a filin makarantar unguwa, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe, kafin rana ta take. Za a yi hayar katifar tsalle, a kawo lilo, iyaye mata na kusa, gida na kusa. Wannan shi ne daidai da ɗan shekara uku: wuri ƙarami, lokaci gajere, fuskokin da ya sani. 'Yar uwarmu mai tagwaye kuwa, tun kafin a tashi taro mata biyu suka ce su za su riƙe mata su ranar tafiya, ta je ta raka ɗanta ya ga giwarsa. Matashin magidancin nan ma aka ce kujerarsa tana nan, ya kawo ɗan yayansa ko wani maraya na unguwarsu da ya kai shekarun. Bai ce komai ba a ranar. Shekaranjiya ya aiko mana da sunan wani yaro.

Akwai ɗaya gefen maganar da ba ma so ya wuce ba a faɗa ba. Kamar yadda ake yin gaggawa, haka ake yin latti. Ana cikin gardama, uwar ƙungiyarmu, wadda ta haura sittin, ta ce, "Ni a Bauchi aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na aurar. Baƙi na zuwa daga Legas da Turai su ga Yankari, ni ban taɓa taka ta ba. Ina ƙarama aka ce sai na girma, da na girma aka ce na girma." Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Da muka tambaya, fiye da rabin waɗanda ke zaune a wurin ba su taɓa zuwa ba, alhali har a jikin lambar motocinmu ana yi wa jihar nan kirari da yawon buɗe ido. Ga Sumu ma a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda ake ganin raƙumin dawa da jakin dawa, mutum nawa ne cikinmu suka kai 'ya'yansu?

Mun san yadda abin yake, musamman ga 'ya'ya mata. Yarinya na kaiwa shekara goma sha biyu ko sha uku sai a fara cewa ta yi girma da irin wannan fita, namiji kuma ya shiga hidimar makaranta da koyon sana'a. Ashe ƙofar ba ta da faɗi: daga bakwai zuwa sha biyu ne, shekara biyar ko shida kacal. Shi ya sa aka amince cewa in kujeru suka yi kaɗan, waɗanda za a fara ba su ne 'yan shekara goma zuwa sha uku da ba su taɓa zuwa ba, mata kafin maza. Ɗan shekara uku yana da sauran lokaci a gabansa. 'Yar shekara sha biyu wataƙila wannan ce damarta ta ƙarshe kafin hidimar duniya ta ɗauke ta. Uwar ƙungiya ma an ba ta kujerar gaba.

Wasu sun ce mu masu riƙe da littafi mun tsara doka ne yadda za ta yi mana daɗi. To ga amsa: autarmu a watan Disamba shekararta huɗu da wata biyu. Ba za ta je ba. Yayyenta biyu za su hau bas tana tsaye a ƙofar gida, kuma mu ne za mu rubuta jerin sunayen da babu nata a ciki. Da muka gaya mata ta yi kuka, ta ƙi cin tuwon dare. Mahaifiyarta ba ta ce mana komai ba, kallo ɗaya ta yi mana, muka tuna wanda ya ƙi jin magana ranar Sallah.

Yanzu kullum bayan Isha'i sai ta zo ta zauna kusa da mu ta ce, "Baba, tambaye ni." Mu tambaye ta sunanta, ta faɗa. Sunan mahaifinta, ta faɗa, ba "Baba" kawai ba. Unguwarsu, ta faɗa, har da masallacin da ke kusa da gida. Lambar waya ce har yanzu take tsayawa a ta shida. Mun yi mata alkawari, in Allah Ya kai mu baɗi da rai da lafiya, ta kuma haddace sauran, mu da kanmu za mu riƙe hannunta har bakin ruwan Wikki, kuma ko canjin nawa ne ba za mu sake shi ba.

Masu son rubuta sunan yaransu su same mu ko Ma'aji kafin ƙarshen wannan wata, da shekarun yaro na gaskiya. Don Allah kada a ƙara wa yaro shekara saboda kujera, domin a daji ba takarda ce za ta tsare shi ba. Muna kuma neman ƙarin manya huɗu masu rakiya, biyu maza biyu mata, zai fi kyau a samu waɗanda suka iya ruwa.

Wanda maganarmu ta ɓata wa rai a wurin taro ko a nan, ya yafe mana. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare su a gida da daji, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Daga Sakataren Ƙungiya